Lauyan Gaisuwa

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara, amma ban taɓa zaton taubashina zai tafi ba tare da ya tsaya mun yi musu a kai ba. Ranar Juma'a ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan an sallame, kafin magariba aka ce ya cika. Da safiyar Asabar aka kai shi makwancinsa, ana tafka ruwa irin na Douala.

Layinmu na unguwar New Bell bai taɓa ganin taro iri-iri haka ba. Lauyoyi sun zo cikin baƙaƙen kwat, suka tsaya a bakin tabarmi suna duban takalmansu da taɓo ya gama da su, sun rasa ko a cire ko a bari, sai da wani mahauci ya ce musu, "Ku cire mana, Metir ma cirewa yake." Metir, haka ake kiran lauya da Faransanci, kuma haka kowa ke kiransa, har limaminmu. Liman ya ce shekara da shekaru yana sasanta mutanen unguwar nan, duk rigimar da ta gagare shi wurin mamacin yake tura ta, yanzu bai san ƙofar da zai nuna wa mutane ba. Wata tsohuwa Bafillatana mai sayar da kuka da daddawa ta zauna kusa da ni tana ta maimaitawa, "To wa zai gaya mana abin da takarda ta ce?" Wata matashiyar lauya da ta koyi aiki a hannunsa ta shigo cikin mata ta rungume matarsa tana kuka da Faransanci, matar tana ba ta haƙuri da Hausa, kuma sun fahimci juna sarai.

Ni kuwa da labarin ya iso ni, abin da ya fito daga bakina bayan salati shi ne, "To ɗana fa?" Ba na jin kunyar faɗa, don da shi kansa ya ji ni cewa zai yi na yi daidai. Ɗana na fari yana tsare a gidan yari, shari'arsa tana hannun Metir, an kuma sa ranar zama ke nan mai tsaya masa ya kwanta dama. Duk zaman makokin nan hawayena biyu ne, ni kaina ban san wanne ne na wa ba.

Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa muke taubasai. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubasai bai san girma ba. Yana ce mini baiwarsa, ina ce masa bawana, a gaban kowa, ko da ya fito daga kotu da farin ƙyallen nan a wuyansa. Na rubuta wannan ne don jikokinmu da ke tasowa da Faransanci a baki su san irin mutumin da ya zauna a zauren gidan kakanmu, kada wata rana a ce musu lauya ne kawai su ɗauka sun gane.

Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi garin nan daga arewa, ya ga teku ya ce iyakar tafiya ke nan, ya kafa gida. Kawuna, wato mahaifin Metir, ya gaji goron. Shi ne ya sa yaron a lekol, makarantar Faransa, a lokacin da maƙwabta ke ganin wanda ya yi haka ya sayar da ɗansa. Da safe lekol, da yamma allo. Kawu burinsa yaro ya iya karanta takardun kwastan don a daina cutarsa a tashar jiragen ruwa, bai san abin zai wuce nan ba. Da ya je Yaoundé ya dawo da baƙar riga ya ce shi lauya ne, babu wanda ya yi murna a gidan. A wurin mutanenmu na lokacin, lauya mutum ne da ake biya ya mai da baƙi fari.

Ina yarinya, ina laɓe a bayan labule, ranar da Kawu ya tsare shi a tsakar gida.

"Idan ka san mutum ya yi laifi, za ka tsaya masa?"

"Zan tsaya, Baba."

"Ka ji ko! A gidana!"

"Baba, wanda ya saci akuya, zan tsaya ne don kada a yi masa ɗaurin ɓarawon saniya."

Kawu ya daɗe yana tauna goronsa. Daga bisani ya ce rigar ta shigo, amma iyakarta zaure. Aka kafa mata ƙusa a bayan ƙofa, nan take kwana. Har Kawu ya rasu, har Metir ya yi furfura, rigar ba ta taɓa wuce zauren nan ba. Idan zai tafi kotu ya naɗe ta ya sa a leda, ya ɗare bayan bensikin, wato babur ɗin haya, ya rungume ledar a ƙirji. Abokan karatunsa sun gina benaye suna yawo a motoci masu sanyi. Na sha ce masa, "Bawana, kai lauya ne ko ɗan aike?" Sai ya ce, "Baiwata, mota ba ta shiga lungun da gaskiya take kwana."

Yana da ofis a cikin gari, da fanka da sakatariya, amma ainihin aikin a zaure ake yi bayan la'asar. Nan za ka ga Bafillace da Babarbare da Bahaushe a jere a benci, kowa da takardarsa a naɗe cikin leda saboda ruwa. Yana gaisawa da Fulatanci, ya yi ciniki da Pidgin, ya yi faɗa da Faransanci, amma idan magana ta kai inda ran mutum yake, Hausa yake komawa. Ba ya barin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai ya ce, "Maimaita mini abin da na gaya maka." Idan ka maimaita ba daidai ba, a koma farko, ko da tuwo zai huce. Tuwon kuwa ya sha hucewa, matarsa ce shaida, baiwar Allah ta ɗumama abinci a gidan nan har ta gaji da ƙorafi.

Kada a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Mutum ne mai taurin kai, ga nawa, ga son a san ya iya Faransanci. Yana zaune gaban talabijin zai gyara wa mai karanta labarai lafazi, kamar mutumin yana jinsa. Bai taɓa zuwa biki a kan lokaci ba. Ya kuma faɗi shari'o'i da dama, wasu saboda ya ƙi faɗin abin da bai gani da idonsa ba. Yakan ce takarda ba ta da ido. Wasu 'yan kasuwa biyu sun taɓa rigima a kan ruwan da ke zuba daga rufin shagon ɗaya yana ɓata kayan ɗaya. Metir ya ajiye dosiye, wato takardun shari'ar, ya je ya zauna a shagon wanda ya ɗauke shi, ya wuni yana taya shi sayar da safa da singileti yana jiran hadari. Da ruwan ya sauko ya ga inda yake bi, ya juya ya ce wa mutumin nasa, "Alhaji, ruwan nan daga rufinka yake." Alhajin bai sake yi masa magana ba sai da shekara ta zagayo.

Duk jajibirin Sallah yakan cika buhu da sabulu da kilishi da tsofaffin riguna ya kai gidan yari, ga 'yan arewan da aka tsare ba su da kowa a garin nan. Bai taɓa gaya mini ba, ɗana ne ya ba ni labari bayan ya shiga ya tarar ana kiran Metir Baba a ciki.

Amma abin da ya fi fita da shi, wanda ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa lauyan gaisuwa suna dariya, shi ne zuwa gidan abokin shari'a. Duk wanda ya ɗauke shi ya san da wannan. Zai tuɓe kwat, ya sa babbar riga da hula, ya je gidan wanda ake shari'a da shi ya yi sallama. Ba ya zuwa da tayi, ba ya zuwa da barazana, ba ya taɓa zancen shari'ar. Gaisuwa kawai, ya tambayi yara, ya sha ruwa idan an ba shi, ya tashi. Wasu sun kore shi, wata mata ta taɓa sakar masa kare. Idan aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Alƙali zai yanke hukunci ya tafi gidansa. Su biyun nan kuwa gobe famfo ɗaya za su je ɗiban ruwa." Na sha yi masa dariya a kan wannan, har ranar da abin ya zo kaina.

Ɗana bensikin yake ja. Yaro ne mai hankali, ba ya shaye-shaye, sai dai ba shi da lasisi, kamar da yawa daga cikinsu. Wata rana ana ruwa a unguwar Ndokoti, wata bas ta matse shi, ya kauce, babur ya zame ya kwashe wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi a bakin titi. Bai gudu ba. Ya ɗauke ta ya sa a tasi ya kai asibiti, a can ta cika, a can kuma aka kama shi. Tun daga ranar ya daina magana a kan abin da ya faru. Idan na kai masa abinci sai ya tambayi ƙannensa, ya ci kaɗan, ya sunkuyar da kai. Kawunsa Metir kaɗai yake buɗe wa baki.

Tsohuwar tana da ɗa namiji, Kirista, ma'aikacin wata masana'anta a unguwar Logbaba. Shi ya tsaya a kan maganar, ya ce sai an yi wa wanda ya kashe masa uwa hukunci mafi tsanani. Aka yi ta ɗaga shari'a, damina ta wuce, wata ta kama hanya. Ni kuma na ji a bakin mutane cewa duk Lahadi da yamma Metir na hawa babur ya tafi Logbaba gidan mutumin nan. Ran farko an bar shi a tsaye a waje. Daga baya aka ba shi kujera. Daga baya har ana kawo masa ruwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yafa mayafi na same shi a zaure, benci cike da mutane, ban ko gaishe shi ba.

"Ɗana yana kwana a ƙasa cikin sauro, kai kana can kana shan ruwan waɗanda suka ɗaure shi?"

"Baiwata, zauna."

"Ba zan zauna ba. Me ka roƙa mana a wurinsa? Ka ce ya janye?"

"Ban ce ba."

"To me kake zuwa yi?"

"Gaisuwa. An yi masa mutuwa."

"Mutuwar da aka yi tun bara?"

"Uwa ce," in ji shi. "Ke da taki ta rasu, yaushe kika gama?"

Na ce masa akwai wanda ya yi mini alkawarin ya san hanyar da ake bi da 'yan kuɗi a gajarta irin wannan zama. Nan fuskarsa ta canza, ya koma Faransanci, ya yi ta zuba har sai da ya ga ba na bin sa, sannan ya dawo Hausa ya ce idan na bi ta wannan hanya in zo in ɗauki dosiyen ɗana in kai wa wani. Na ce masa don ba shi ya haifa ba. Wannan kalma ta shige shi, na gani a idonsa. Bai rama ba, ya ce kawai, "Ça va aller, za a ga ƙarshensa," ya juya ga na gaba a benci. Ban bi waccan hanyar ba, amma na yi watanni ba na yi masa wasa. Idan mun haɗu sai gaisuwar mutunci, wadda a tsakanin taubasai ta fi zagi ciwo. Har yau kuma ina nan a kan bakana cewa da ya ɗan ƙara sauri. Sannu ba ta hana zuwa, haka ne, amma mai faɗin haka ba shi ne a ɗaure ba.

Mun shirya kafin ya rasu, alhamdu lillahi. Shi ya zo har ɗakina da ƙunshin gasasshen kifi, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ina baiwar gidan nan? A zo a karɓi kayan ubangida." Na ce bawa ya ajiye ya koma bakin aikinsa. Muka yi dariya, ya gaya mini an sa rana, kuma wannan karon yana jin za a saurare su. Bai kai ranar ba.

Ranar sadakar uku, bayan an watse daga addu'a, aka aiko cikin gida wai wani baƙo yana son ganin mahaifiyar yaron da ke tsare. Na fito zaure na tarar da mutum dogo, ya manyanta kaɗan, da ƙaramin gicciye a wuyansa, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganinsa kusa ba, amma jikina ya ba ni ko wane ne. Ɗan tsohuwar nan ne.

"Ashiya, Mama," ya ce, wato sannu da rashi. Da Pidgin muka yi maganar, da ɗan Faransancin da nake tsinta.

Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin.

"Ban zo don na janye ba," in ji shi. "Kada ki ɗauka haka. Na zo ne don ya zo namu. Duk zuwan da ya yi bai taɓa roƙona komai ba. Tambayata yake yi wace irin mace ce uwata, a ina take saro kifi, me take dafa mana muna yara. 'Yan'uwana ma sun daina tambaya, shi bai daina ba."

Na ce Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

"Zuwansa na ƙarshe na tambaye shi ko ta sha wahala kafin ta cika. Ya ce shi ba ya wurin, kuma abin da aka gaya masa amana ce, ba zai yi ciniki da ita ba. Ya ce akwai mutum ɗaya da ke tare da ita a cikin tasin nan, ranar da zuciyata ta iya, in je in tambaye shi da kaina." Ya ɗago ya dube ni. "Wace rana kike kai abinci?"

Ranar ziyara muka tafi tare. Gidan yarin a unguwarmu yake, da ƙafa muka je, ina riƙe da kwanon tuwo, shi yana biye da ni. Muka bi layi cikin rana tare da sauran mata. Da aka fito da ɗana ya ga wanda ke tsaye kusa da ni, sai ya ja da baya kamar zai koma ciki. Na ce masa, "Tsaya. Kawunka ne ya turo shi."

Mutumin bai gaishe shi ba. Ya ce, "Ta yi magana?"

Ɗana ya ce, da muryar da na manta yana da ita, "Ta yi. Kanta yana kan cinyata. Idonta a rufe, ta kama rigata ta riƙe gam, tana ta kiran wani suna. Na ga ta ɗauka ni ne mai sunan, sai na riƙa amsawa. Duk kiran da ta yi na ce na'am, Mama, ga ni. Ta ce, ka zo? Na ce na zo. Sai ta daina kokawa, ta yi shiru har muka isa."

"Wane suna?"

Ɗana ya faɗa. Ba sunan da ke kan takardun kotu ba ne, suna ne na yarinta, irin wanda uwa kaɗai ke kiran ƙaton mutum da shi. Mutumin nan ya sulale ya zauna a ƙasa cikin ƙura, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Ɗana ya durƙusa a gabansa yana kuka yana neman gafara. Ni ina tsaye da kwanon tuwo, na rasa wanda zan fara ɗagawa a cikinsu.

Ranar zama, matashiyar lauyar nan da Metir ya koyar ita ta tsaya wa ɗana. Ta yi magana a natse, ba ta ɓoye rashin lasisi ba, ba ta ɓoye komai ba. Da aka ba ɗan tsohuwar dama ya tashi ya ce uwarsa ta mutu, babu mai dawo masa da ita, amma ba ta mutu ita kaɗai ba, kuma shi ba ya neman komai a kan yaron nan. Alƙali ya sami ɗana da laifi, don laifin ya yi, ya kuma ce zaman da ya riga ya yi ya isa. Bayan 'yan kwanaki ɗana ya shigo gida da ƙafarsa, ya rame, ya yi baƙi, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ya ce in ba shi ruwa. Da ya sha ya tambaye ni hanyar kabarin kawunsa, na haɗa shi da ƙanensa suka tafi.

To bawana, ka ci shari'arka ta ƙarshe kana kwance, ba ka ko tashi ka ce uffan ba, kuma ka tafi ba ka ba ni damar in ce maka sannu da aiki ba. Ina kewarka ƙwarai, babu sauran wanda zan zaga a unguwar nan ya yi dariya. Yanzu kai ne a gaban Alƙalin da ba a ɗaga zamansa. Allah Ya yi maka sassauci, Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka mai tsaya maka kamar yadda ka tsaya wa ɗana.